Waiwaye: Tallafin masu juna biyu na Jigawa da Zamfara, da tarihin yaƙi da talaucin yara a Najeriya

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, muhawara ba ta lafa ba a kan yadda za a ceto yaran talakawa. Wasu na cewa a tura kuɗi ta waya, wasu na cewa a raba hatsi, wasu kuma na neman a dawo da ciyar da ɗalibai a firamare. Mai saurare zai ɗauka a 2023 matsalar ta faro. Amma a watan Nuwamban 2022, watanni shida kafin a taɓa farashin mai, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kashi 67.5 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 18 suna cikinsu. Tun a 2018 binciken lafiya na ƙasa ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57.

Tarihin shirye-shiryen sananne ne. A 1976 aka fara ilimin firamare kyauta na UPE. A 1987 aka zo da shirin kyautata rayuwar matan karkara, a 1994 aka canza shi da na tallafa wa iyali. A 1999 aka ƙaddamar da UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowane yaro, a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, shekara guda bayan dokar kare haƙƙin yara ta 2003. NAPEP, hukumar yaƙi da talauci ta ƙasa, ta zo a 2001, kuma a ƙarƙashinta aka fara raba tsabar kuɗi na shirin COPE a 2007: naira 1,500 zuwa 5,000 a wata, na tsawon shekara ɗaya kacal, ga gidaje 'yan dubbai a ƙasar da ke da miliyoyin mabuƙata. A 2016 aka zo da manyan shirye-shirye biyu da kowa ya sani, naira 5,000 a wata ga gidaje marasa galihu, da abincin naira 70 ga kowane ɗalibi daga aji ɗaya zuwa aji uku.

Duk wanda ya jera waɗannan zai ga abu ɗaya. Ko dai gida ake ƙirgawa, ko kuma ɗan makaranta. Yaron da ke cikin ciki, da wanda ke goye, da wanda aka yaye jiya, ba su da layi a takardar. Gwamnati kan haɗu da yaro yana da shekara shida ko bakwai, alhali likitocin yara sun daɗe da yin ittifaƙi cewa tushen ginin jiki da na ƙwaƙwalwa ana aza shi ne a kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. Abin da yaro ya rasa a wannan tsakani da wuya ya dawo da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma farantin shinkafa da wake a aji ɗaya yana zuwa ne bayan iccen ya bushe.

Akwai lokacin da aka gwada wata hanya dabam, a nan Arewa, kuma ba kasafai ake tuna shi a muhawarar yau ba. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da shirin CDGP, na ba masu juna biyu tallafin kuɗi don renon yara, a ƙananan hukumomi biyar: Anka da Tsafe a Zamfara, sai Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa. Gwamnatin Birtaniya ce ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da aikin tare da gwamnatocin jihohin biyu. An fara biya a 2014.

Tsarin mai sauƙi ne, kuma sauƙin nan ne ƙarfinsa. Ba a tambayar ko gidanku na kwano ne ko na ciyawa, ba a ƙirga awaki, ba a tara jama'a a ƙofar maiunguwa su tantance wa ya fi wani talauci. Sharaɗi biyu ne: mace ta kasance mazauniyar ƙauyen, kuma gwajin fitsari ya tabbatar tana da juna biyu. Daga nan a ɗauki sunanta da tambarin yatsanta, a ba ta wayar hannu. Kowane wata wakilin biyan kuɗi ya zo ƙauyen, ta dangwala yatsa ta karɓi naira 3,500 a hannunta, ba a hannun maigida ba. A farkon 2017 aka mayar da shi naira 4,000 saboda tsadar kaya. Ana ci gaba da biya har yaron ya cika shekara biyu. Matar da ta yi rajista cikinta na da wata biyar za ta karɓa kusan sau 28, kuma ta san ranar da zai ƙare tun daga ranar da ta shiga. Mata fiye da 90,000 suka amfana.

Kuɗin bai zo shi kaɗai ba. An haɗa shi da wayar da kai ta rediyo, da hotunan bango, da huɗubar Juma'a, da saƙon murya a waya, da taron mata inda ake dafa abinci a gabansu. Saƙonnin ba su da yawa, kuma duk a kan abin da ke kashe yara ne a ƙauyukanmu: a je awon ciki, a ba jariri dakashi kada a matse a zubar, a sa shi a nono cikin awa guda da haihuwa, kada a ba shi ruwa ko jiƙo har ya cika wata shida, bayan nan a ƙara wa kunu gyaɗa ko waken suya ko ƙwai ko garin zogale, a wanke hannu da sabulu. Shigar da limamai da mazaje cikin lamarin ba ƙaramin hikima ba ne, domin a gida da yawa uwar miji da maigida ne ke yanke hukuncin abin da jariri zai sha. Amma faɗakarwa ba ta sayen ƙwai. Uwar da aka ce ta ba yaro ƙwai alhali tuwo ma sau ɗaya ake tuƙawa a gidan, ta ji ne kawai. Naira 3,500 ɗin ce ta sa shawarar ta zama abin aikatawa.

Abin da ya bambanta wannan shiri da mafi yawan waɗanda suka gabace shi shi ne an auna shi da gaske. An ɗauki ƙauyuka 210, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu suka fara karɓa tun farko, wasu aka jinkirta musu. Aka auna tsayi da nauyin yara a 2014 kafin a fara, aka sake a 2016, aka sake a 2018. Sakamakon ya nuna tsumburewa ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100, yaran sun fi samun abinci iri-iri, shayar da nono zalla ta ƙaru sosai, rashin lafiya ya ragu. Mafi yawan matan su suka riƙe ikon kuɗinsu, kuma da yawa sun sayi akuya ko tunkiya ko sun ja jarin ƙananan sana'o'i, har ribar ta ci gaba bayan an daina biya.

An samu matsaloli, kuma suna da amfani ga duk mai son maimaita shirin. An samu matan da suka kawo fitsarin wata don su shiga, da waɗanda suka zo daga ƙauyukan maƙwabta suka ce a nan suke, har sai da aka riƙa sake gwaji ba zato. Rashin tsaro a Zamfara ya hana wakilai isa wasu ƙauyuka a kan lokaci. Sannan shirin bai magance rama ba. Yara sun ƙara tsayi, amma gudawa da zazzaɓin cizon sauro da ruwan rijiya marar tsabta ba su gushe ba don an raba kuɗi. Wannan ya nuna tallafin kuɗi na buƙatar asibitin shan magani mai aiki da ruwan sha mai kyau a gefensa.

A daidai lokacin da ake tattara wannan shaida, tsarin ƙasa ya ɗauki wata hanya. Rajistar marasa galihu ana gina ta ne ta zaɓar ƙananan hukumomi mafi talauci, a sa ƙungiyoyin maza da mata da matasa su ambaci gidajen da suka fi shan wahala, sannan ma'aikata su bi gida-gida suna cike bayanai. Aiki ne mai tsada da cin lokaci, kuma da zarar an gama ya fara tsufa: ana haihuwa, ana mutuwa, ana gudun hijira, rajista na nan yadda take. Ainihin kuɗin kuma ɗaya ne ga gida mai yara biyu da gida mai yara goma sha biyu. Ba a ɗaure shi da hauhawar farashi ba, don haka naira 5,000 ta 2016 ta tsaya cak shekara da shekaru alhali farashi na ta hawa; a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Kuɗin ciyar da ɗalibi ya koma naira 100 a 2022, amma kafin a je ko'ina ƙwai ɗaya ya wuce haka, kuma yaron da ba ya zuwa makaranta, wanda shi ne ya fi yunwa, ba ya cikin lissafi tun asali. Tallafin naira 25,000 na wata uku da aka sanar a watan Oktoban 2023 ga gidaje miliyan 15 ya haɗu da sharaɗin lambar NIN ko BVN, wanda matar ƙauye da ba ta taɓa shiga banki ba ita ce ta ƙarshen cika shi.

Maƙwabta sun gwada abin da ya fi kusa da na Jigawa. A Jamhuriyar Nijar, shirin tallafin da aka fara a farkon shekarun 2010 ya riƙa ba mata jaka 10 ta sefa kowane wata har wata 24, haɗe da tarurrukan koyar da renon yara. Afirka ta Kudu kuwa tun 1998 ta ɗaure tallafinta da yaron kansa, ta fara da rand 100 na kuɗin ƙasar ga 'yan ƙasa da shekara bakwai, ta sa shi cikin doka, ta riƙa faɗaɗa shi har ya kai shekara 18 da yara kusan miliyan 13. Sauyin gwamnati ba ya dakatar da shi, domin haƙƙi ne da ake iya zuwa kotu a kansa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce Najeriya ba za ta iya ɗaukar nauyi ba. Ana haihuwar yara kimanin miliyan 7 a shekara, wato 'yan ƙasa da shekara biyu sun kai kusan miliyan 14. Idan aka ba kowace uwa naira 10,000 a wata, lissafin ya kama kusan naira tiriliyan 1.7 a shekara. Tallafin man fetur na shekarar 2022 kaɗai ya ci fiye da tiriliyan 4. Kuma ba dole ne a fara da ƙasa duka ba. Jihohin da tsumburewa ta haura kashi 60 a binciken 2018, irin su Kebbi da Jigawa da Katsina, su ne wurin farawa, kuma ɗakin awon ciki na kowace mazaɓa ya isa zama wurin rajista, inda a rana ɗaya za a iya haɗa katin awo da rigakafi da takardar haihuwa da sunan uwa a jerin masu karɓa.