Garmaho mai juyi kai tsaye da sarrafa hannun allura

Garmaho mai juyi kai tsaye na'urar kunna faifai ce wadda sandar injinta ita ce sandar da farantin ke zaune a kai. Babu bel ko tayar roba a tsakani, don haka injin da kansa yake juyawa sau 33⅓ ko 45 a minti. Sauran nau'o'in biyu su ne mai bel, irin Linn Sondek LP12 na Sikotilan da Rega Planar 3 na Ingila, da mai tayar roba, irin Garrard 301. A cikinsu ƙaramin inji ne ke gudu da sauri, bel ko tayar ta rage gudun kafin ya kai ga faranti.

Asali

Injiniyan kamfanin Matsushita na Japan, Shuichi Obata, shi ne ya jagoranci ƙera na farko da ya shiga kasuwa, wato SP-10. SL-1100 ya biyo baya a 1971, sai Technics SL-1200 a 1972 (Technics sunan kasuwa ne na Matsushita). Wanda ya fi shahara shi ne SL-1200MK2 na 1979, da aka ɗaure gudunsa da agogon kwatz. Gidajen rediyo da masu haɗa kiɗa a wuraren rawa sun rungume shi saboda yana kai cikakken gudu cikin daƙiƙa 0.7, kuma ko an riƙe faifan da yatsa, da an saki sai ya koma daidai. An daina ƙera shi a 2010, sannan aka dawo da jerin a 2016 da SL-1200G. Denon, Sony, JVC, Kenwood, Pioneer da Yamaha duk sun yi nasu a shekarun 1970 da 1980.

Inda injina suka bambanta

Ƙorafin da masu son bel suka daɗe suna yi shi ne fizga. A injin da kwayil ɗinsa ke naɗe a kan ƙarfe, maganaɗisu yakan ɗan maƙale a kowane haƙori kafin ya wuce, kuma tun da babu bel da zai shanye wannan motsin, yana iya isa ga faifai. Mafita biyu aka bi. Ta ɗaya ita ce inji marar ƙarfe a cikin kwayil, kamar na JVC TT-101 da SL-1200G. Ta biyu ita ce faranti mai nauyi, wanda nauyinsa ke danne ƙananan canje-canjen gudu, kamar na Yamaha GT-2000.

Sai yadda na'urar ke auna gudunta. Technics na amfani da siginar da injin ke haifarwa yana juyawa, ana gwama ta da bugun kwatz. Denon da Sony sun shafa maganaɗisu a cikin gefen faranti, wani kai irin na rikoda yana karanta shi. Wannan tsari yana da kyau, amma idan shafin ya karce babu gyara mai sauƙi, abin da mai sayen tsohuwar Denon ya kamata ya duba kafin ya biya.

A takarda, rawar gudun SL-1200MK2 kashi 0.025 cikin ɗari ce, ƙugin injinsa kuma −78 dB. Da wuya kunne ya kama bambanci tsakanin wannan da na sauran manyan injinan Japan in suna da lafiya. Yawancin abin da masu saurare ke danganta wa inji, daga hannun allura da saitinsa yake fitowa. Arha-arhan da suka kwaikwayi siffar Technics ma a nan suka fi faɗuwa: injin yakan yi aiki, amma boris ɗin hannun yana da lasa.

Hannun allura

Hannun SL-1200MK2 mai lanƙwasa biyu ne, tsawonsa na aiki milimita 230, tazarar gindinsa da sandar tsakiya milimita 215, wato allura tana zarce sandar da milimita 15. Kansa yana kwancewa, abin da ke sauƙaƙa sauya katirij (ɗan akwatin da ke riƙe da allura), sai dai kowace mahaɗa wuri ce da karkarwa ko tsatsa za ta iya shiga. Hannun Rega miƙaƙƙe ne, bututu ɗaya tun daga gindi har kai. Ya fi tauri, amma ba a ɗaga tsayinsa sai da sa zobe a ƙarƙashi, alhali na Technics yana da zoben murɗawa daga sifili zuwa milimita 6.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne dacewar nauyin hannu da laushin sandar allura. Haɗuwarsu tana da mitar da take karkarwa, kuma ana so ta faɗa tsakanin Hz 8 da 12, wato sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. In ta yi ƙasa, lanƙwasar faifai da takun ƙafa a ɗaki za su sa allura tsalle, a ga bakin lasifika yana ta numfashi ba sauti. In ta yi sama, sai ta shiga cikin kiɗan ta ɓata sauti mai kauri, wato bas. Lissafin shi ne a haɗa nauyin hannu da katirij da kusoshi, a ninka da adadin laushin da mai katirij ya faɗa, a ɗauki tushen murabba'i, a raba 159 da shi. Misali, hannu mai giram 12 da katirij Ortofon 2M Red mai giram 7.2 da kusoshi sun kai giram 20. Laushinsa 20 ne, ninkin ya ba da 400, tushensa 20, sakamako kusan Hz 8, a bakin iyaka ke nan. Akwai tarko a nan: kamfanonin Japan sukan auna laushi a Hz 100, ba a Hz 10 da lissafin ke buƙata ba, don haka a kan ninka adadinsu da ɗaya da rabi zuwa biyu. Katirij Denon DL-103 mai taurin sanda ne, shi ya sa masu sa shi a hannun Technics ke ƙara nauyi a kai.

Saiti yana farawa da daidaita na'urar a kan tebur da ma'aunin ruwa. A mayar da maɓallin hana jan ciki (mai hana hannun karkata zuwa tsakiyar faifai) sifili, a murɗa nauyin baya har hannun ya tsaya a iska bai yi sama bai yi ƙasa ba. A juya zoben lambobi shi kaɗai zuwa sifili, sannan a murɗa nauyin gaba ɗaya zuwa adadin da mai katirij ya faɗa: giram 1.8 ga 2M Red, 2 ga AT-VM95E, 2.5 ga DL-103. Ƙaramin sikelin lantarki ya fi zoben gaskiya. Mutane da yawa suna rage nauyi don tausayin faifai, alhali allurar da ba ta zauna ba tana dukan bangon tsagi ne, kuma wannan ya fi ɗan ƙarin nauyi ɓarna. Bayan haka a kai maɓallin hana jan ciki daidai da adadin nauyin. In ya yi kaɗan, sautin lasifikar dama ne ke fara tsagewa a wurare masu ƙarfi.

Hannu mai gindi yana zana baka ne, don haka a wuri biyu kawai allura ke daidai da tsagi. Tsarin Baerwald ya sa su a milimita 66 da 120.9 daga tsakiya. Na Stevenson ya sa su a 60.3 da 117.4, don rage tsagewar sauti a waƙar ƙarshe. Ma'aunin roba na Technics, mai milimita 52 daga gindin kai zuwa tsinin allura, ya fi kusa da na biyun. A zaɓi ɗaya, kada a gauraya su.

Wajen kunnawa, a yi amfani da sandar ɗagawa, ba yatsa ba. Idan hannun ya riƙa faɗowa da ƙarfi, man silikon ɗin cikinta ne ya ƙare. A share allura daga baya zuwa gaba kawai, kuma a kulle hannun kafin a motsa na'urar, domin faɗuwa ɗaya tana iya lotsa boris.

Matsaloli da kulawa

Gunji a lasifika yawanci wayar ƙasa ce ba a ɗaura ta ga amfilifaya ba. Sandar tsakiya ta Technics tana son ɗigo biyu ko uku na mai bayan awa 2,000. Maganaɗisun injin a jikin faranti yake, saboda haka ba a kunna na'urar an cire faranti.

A wuraren da ake dogaro da janareta, mai kwatz yana da fifiko, don gudunsa bai rataya ga mitar wuta ba, saɓanin masu bel da yawa da injinsu ke bin Hz 50 na layi. Zafi kuma yana saki bel. Sai dai waɗanda aka ƙera don kasuwar Japan wutar bolt 100 suke ci, kuma jona su kai tsaye a 230 zai ƙone su, dole sai da taransifoma mai rage wuta. A lokacin hunturu busasshiyar iska tana sa faifai jawo ƙura, don haka a goge shi da burushi mai laushi kafin a sauke allura.