Iyaye, idan kun kira ɗalibi a waya, kada tambayar ta tsaya a kan jarrabawa

Duk lokacin da sababbin ɗalibai suka shigo jami'a, a makonnin farko mu ma'aikatan asibiti muna yawan ganin masu ciwon kai, rashin barci da ciwon ciki. A gwada maleriya, a gwada taifod, babu komai. Sai na tambayi yaro yaushe rabonsa da magana da gida, nan take idonsa ya kawo ruwa.

Ku dubi halin da yake ciki. Ɗan shekara 17 ne ko 18, ya baro Gumel ko Funtuwa, ya tsinci kansa a Samaru ko Sakkwato, a ɗaki ɗaya da mutanen da bai taɓa gani ba. Babu mai tashinsa da asuba, babu mai tambayarsa ko ya ci abinci. Wanda ya yi ta zuwa na ɗaya a sakandare yana iya faɗuwa gwajin farko, ya ɓoye don kunya.

A abin da nake gani, ɗaliban da ke saurin sabawa su ne waɗanda aka saba saurara a gida. Sun iya cewa "tsoro nake ji" ko "raina ya ɓaci", sun iya danne fushi idan abokin ɗaki ya taɓa musu kaya, kuma ba sa jin nauyin neman taimako. A tsakar gida ake koyon wannan. Mu kuwa mun fi sabawa da "namiji ba ya kuka" da "yi haƙuri kawai". Haƙuri na da kyau, amma a fara jin damuwar tukuna.

Baba, Mama, ku sa ranar kira a kowane mako. Ku tambaye shi barcinsa, abincinsa da abokansa, sannan ku yi shiru ya yi magana. In ya ce ya faɗi wani kwas, kada faɗa ya zama amsar farko. Yaron da ya rasa wurin faɗar damuwa ne abokai ke miƙa wa tramadol ko kodin, duk da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018.

Idan baƙin ciki, rashin barci ko ƙin cin abinci sun kai mako biyu, ko ya daina shiga lacca, a kai shi asibitin makaranta ko sashen ba ɗalibai shawara. In kuwa ya ambaci kashe kansa, ko da cikin wasa ne, a kai shi wurin likita a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.