Bahon Wanka Mai Ƙofa Don Dattawa: Nawa Yake Ci, Kuma Wa Yake Yi Wa Amfani?

Duk mai kula da iyaye tsofaffi a Amurka ko Ingila ko Kanada zai yi wuya bai ci karo da tallan wannan baho ba. Ana tallarsa a matsayin maganin faɗuwa a banɗaki, kuma tsoron faɗuwar ba na banza ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kai shekara 65 yakan faɗi a kowace shekara, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun takan kwantar da mutum wata da watanni. Sai dai kuɗin bahon ba kaɗan ba ne, shi ya sa ya kamata a san abin da ake saye.

Me ya bambanta shi da bahon da aka saba gani?

Bahon da aka saba, bangonsa yakan kai santimita 35 zuwa 50. Kafin dattijo ya shiga sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil, ya ɗaga ɗayar ya haura. A nan ne yawanci santsi ke kwasar mutum. Shi kuwa wannan an yanka masa ƙofa a gefe, dokin ƙofar bai wuce santimita 8 zuwa 18 ba. A ciki akwai wurin zama mai tsayin kujera, kimanin santimita 43, don haka ba a kwanciya a ƙasa balle a sha wahalar tashi. Akwai ƙarafan dafawa, da ƙasa mai kaushi, da kan shawa mai tiyo wanda ake riƙewa a hannu.

Yaya ake wanka a cikinsa?

Wannan ita ce tambayar da mai talla ba ya son a daɗe a kanta. Tunda ƙofa ce da shi, ba a tara ruwa sannan a shiga. Sai an shiga, an zauna, an kulle ƙofa, sannan a buɗe famfo. Bahon yakan ci lita 150 zuwa 300, gwargwadon girmansa. Idan famfon gidan yana kawo lita 15 a minti, cika lita 200 zai ɗauki fiye da minti 13, dattijuwa tana zaune ba riga tana jiran ruwa ya taso daga idon sawu zuwa ƙirji.

Bayan an gama ma haka. Ba a buɗe ƙofa sai ruwan ya tsiyaye gaba ɗaya. A magudana ta gama-gari hakan yakan ɗauki mintuna da dama, jiki a jiƙe, sanyi na shiga. Tsoho kuwa jikinsa ba ya riƙe ɗumi kamar na matashi. Abin da ake yi shi ne a sayi mai faffaɗar magudana ko mai injin janye ruwa, wanda kan kwashe shi cikin minti biyu ko uku, a ɗumama banɗakin tun kafin a shiga, a rataye tawul inda hannu zai kai daga zaune. Wasu bahunan suna da mazauni mai ɗumi. A ƙasa mai sanyi wannan ba ƙawa ba ce, buƙata ce.

Ga mai son ya ɗauraye jikinsa da ruwa mai gudu, kamar wajen wankan tsarki, sai ya bar ruwan sabulun ya tafi, ya yi amfani da shawar hannun yana zaune. Wanke ƙafa wajen alwala ma ya fi sauƙi a wannan mazaunin.

Ƙofar ba ta yoyo?

Idan an girka shi daidai, ba ta yi. Robar da ke zagaye da bakin ƙofar ita ke tare ruwa, kuma ita ce ke fara lalacewa: dattin sabulu da gashi sukan taru a kanta, ko ta bushe ta tsage. A riƙa goge ta bayan wanka, a bar ƙofar a ɗan buɗe don kada robar ta daɗe a matse. In bahon bai zauna daidai a ƙasa ba, ƙofar takan ɗan karkace, daga nan yoyo ke farawa.

Ƙofar iri biyu ce. Mai buɗewa ciki, nauyin ruwan ne ke ƙara danne ta, amma sai mutum ya kauda gwiwoyinsa kafin ya rufe, kuma ba ta buɗuwa ko ta halin ƙaƙa muddin akwai ruwa. Mai buɗewa waje ta fi dacewa da mai keken guragu ko mai jiki, sai dai tana son fili a banɗaki da sakata mai ƙarfi.

To nawa yake ci?

A kasuwar Amurka, bahon da ba shi da komai sai ƙofa da mazauni yakan fara daga wajen dala 2,000 zuwa 5,000. Mai injin fesa ruwa ko iska don tausa ya fi haka tsada. Idan aka haɗa da aikin girkawa, ba abin mamaki ba ne jimilla ta kai dala 10,000, wani lokaci ta doshi 20,000.

Abin da ke kumbura kuɗin yawanci ba bahon ba ne, gidan ne. Tankin ruwan zafi na galan 40, wato kimanin lita 150, sau da yawa ba ya isa, ruwan ya huce kafin baho ya cika, sai an sauya babba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lita 200 da nauyin baho da na mutum sun haura kilo 300. Idan banɗakin yana sama a gidan katako, dole a duba ko daɓen zai ɗauka. Mai injin tausa yana buƙatar layin lantarki nasa, mai na'urar da ke yanke wuta da zarar ta haɗu da ruwa. Sannan a auna ƙofar banɗaki: faɗin bahon yakan kai santimita 75, kuma a tsofaffin gidaje akan cire ƙyauren da katakonsa kafin ya shige. A nemi farashi a rubuce daga wurare uku, kowanne ya fayyace cire tsohon baho, aikin famfo, aikin wuta, gyaran tayil, da tsawon garantin robar ƙofa. Duk ɗan kasuwar da ya ce ragin na yau ne kawai, a sa hannu yanzu, a sallame shi.

Gwamnati ko inshora suna taimakawa?

A Amurka, asalin shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, ba ya biya, domin bai ɗauki bahon a matsayin kayan jinya ba. Wasu tsare-tsaren Medicare Advantage, wato Medicare da ake samu ta hannun kamfanonin inshora, da Medicaid, shirin lafiya na masu ƙaramin ƙarfi, a wasu jihohi sukan taimaka da gyaran gida, sai an tambaya. Tsofaffin sojoji suna da tallafin gyaran gida mai suna HISA, har dala 6,800 idan lalurar ta samo asali daga aikin soja, ko dala 2,000 idan ba haka ba. A Ingila akwai tallafin Disabled Facilities Grant da ake nema ta ƙaramar hukuma, har fam 30,000, bayan an duba samun mutum kuma jami'in lafiya ya zo ya ga gidan. Sau da yawa abin da jami'in ke ba da shawara shi ne shawa marar dakali, ba baho ba.

Akwai amfanin lafiya na gaske a ciki?

Akwai. Jiƙa jiki a ruwan ɗumi yana sassauta ciwon gaɓɓai da ƙagewar tsoka, kuma dattijon da zai iya wanka da kansa ba tare da 'yarsa ko jikarsa ta tsaya a kansa ba ya tsira da mutuncinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, matsin jini ya ragu, mutum ya miƙe jiri ya ɗebe shi, musamman mai shan maganin hawan jini. Ruwan wankan ya tsaya tsakanin digiri 37 zuwa 40 a ma'aunin Selshiyas, kada a wuce minti 15 zuwa 20, a kuma ɗan zauna kafin a tashi. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka daina jin zafi yana iya ƙonewa bai sani ba, ga shi ruwan a kan ƙafar yake fara zuba. Ruwa mai digiri 60 yana sale fata cikin daƙiƙu kaɗan, don haka bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi da kansa wajibi ne. Bututun injin tausa kuma yana riƙe ragowar ruwa inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, sai ana wanke shi a kai a kai yadda kamfanin ya tsara.

Wa bai kamata a saya wa ba?

Mai ciwon mantuwa, wanda zai iya ruɗewa ya kama kokawa da ƙofa ruwa na ciki. Mai farfaɗiya ko yawan suma. Wanda ba ya iya zama a miƙe ba tare da an tallafe shi ba. Haka wanda ciwonsa ke ƙaruwa da sauri, domin bahon da ya dace da shi bana ba lallai ya dace baɗi ba. Mai ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa.

Zai yi aiki a gidajenmu na Kano ko Zinder?

A mafi yawan gidaje, a'a. Lita 200 jarka takwas ce ta masu ga-ruwa a wanka ɗaya, ga dafa ruwan, ga rashin tsayayyar wuta, kuma idan robar ƙofar ta mutu sai an yi odarta daga waje. Dama can a nan ba haura baho ne ke kayar da tsofaffi ba. Sunkuyawa a kan bokiti ne, da tsugunno, da gansakuka ko sulɓin tayil.

Gyaran wannan bai kai kuɗin jigilar bahon ba. A sa kujerar wanka mai tsayin santimita 43 zuwa 48, mai roba a ƙafafunta. A kafa ƙarfen dafawa a tsayin santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa, mai kaurin da hannu zai zagaye, a ɗaure shi da kusoshi masu kama bulo sosai. Irin mai mannewa a tayil yana saki ba gargaɗi, kuma ƙarfen rataye tawul ba a yi shi don ɗaukar mutum ba. A ɗora bokiti a kan dakali daidai gwiwa don a ɗebi ruwa daga zaune. A sauya tayil mai sheƙi da mai kaushi, ko a shimfiɗa tabarmar roba mai huji. A sa fitila mai caji a hanyar banɗaki saboda fitar dare da ta asuba. Sakatar ƙofar kuma ta zama wadda za a iya buɗewa daga waje.