Bawul mai daidaita matsi: tambayoyin da yaran warsha suke yi mini

Na daɗe ina aikin bututu da bawul tsakanin Jidda da Makka, wani lokaci a otal, wani lokaci a masana'anta. Matasanmu Hausawa da suke shigowa sana'ar, haifaffun nan da waɗanda suka zo daga gida, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne a kan bawul ɗin da Larabawa ke kira munazzim, wasu kuma su ce regileta. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Baba, mene ne ainihin aikin wannan bawul?

Ka san abin da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas ta girki? To babbansa ne. Ruwa ko gas ko tururi yana shigowa da ƙarfi, shi kuma ya rage shi ya riƙe shi a ma'aunin da aka saita, ko da na shigowa yana hawa da sauka. Ba ya buƙatar lantarki. A cikinsa ja-in-ja ake yi: sifirin yana danna wata faffaɗar roba daga sama don ƙofa ta buɗe, matsin da ya riga ya wuce yana tura robar daga ƙasa don ta rufe. Idan aka buɗe famfo a gaba, matsi ya ragu, sifirin ya yi rinjaye, ƙofa ta ƙara buɗewa. Idan aka rufe, matsi ya taru ya ɗaga robar, ƙofa ta zauna a mazauninta. Manyan suna da ɗan ƙaramin bawul a gefe da ake kira fayilot, shi ke jin matsin ya ba uban umarni.

A Makka ne za ka fi ganin amfaninsa. Duk tsawon mita 10 na ruwa yana ba da matsi kusan bar 1, wato kimanin psi 14.5. Otal mai hawa 30 ya kai mita 100 ko kusa da haka, don haka idan tanki yana kan rufi, ruwan da zai iso hawan ƙasa ya kai bar 10, alhali famfon banɗaki bar 3 ya ishe shi. Balle hasumiyar agogo mai mita 601. Shi ya sa ake raba dogon gini shiyya-shiyya, kowace da bawul ɗinta.

Shi da bawul ɗin tsira ba abu ɗaya ba ne?

Ko kusa. Mai daidaita matsi yana aiki dare da rana. Bawul ɗin tsira kuwa a rufe yake zaune, sai ranar da matsi ya wuce iyaka ya fashe da hucin waje don kada bututu ko tukunya ta tarwatse. Mai daidaitawa yana iya lalacewa a buɗe, ya saki dukkan matsin baya, wato na shigowa, ya shiga kayan da ba za su ɗauka ba, saboda haka dole a sa na tsira a gabansa, ta ɓangaren fita. Kuma kada ka taɓa dogara da shi a matsayin makulli. Idan za ka yi aiki a layi, bawul ɗin rufewa za ka rufe.

Wajen ɗaurawa, me zan fi kula da shi?

Nan ne ake kashe yawancin bawul tun kafin su fara aiki. Abu na farko, wanke bututun kafin ka ɗaura. Sabon layi cike yake da ɓurɓushin walda da yashi da guntun tef ɗin zare. Na taɓa buɗe wani bawul da bai cika mako biyu da ɗaurawa ba, a wata masana'anta da ke kudancin Jidda. Mai wurin ya rantse kayan jabu aka sayar masa. Da na ɗaga murfin na haska tocila, sai ga ɗigon walda bai fi ƙwayar gero ba, ya nutse a robar mazaunin har ya yi mata rami. Bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, waɗanda suka haɗa layin ne ba su wanke ba, kuma ba su sa matatar datti kafin bawul ɗin ba. Na ɗora masa ɗigon a tafin hannu, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

Don haka matata tana gaba da komai. Sai ka duba kibiyar da ke jikin bawul ɗin, ta fuskanci inda ruwa zai tafi; kada ka ce wannan ƙaramin abu ne, na ga ƙwararru sun juya shi cikin gaggawa. Sa agogon matsi biyu, ɗaya a baya inda ruwa ke shigowa, ɗaya a gaba inda yake fita. Wanda ya yi rowar agogo ya makantar da duk mai gyaran da zai zo daga baya. Sa bawul ɗin rufewa a kowane ɓangare, da hanyar ratse idan wurin ba ya jure tsayawa. Ka ba shi miƙaƙƙen bututu gaba da baya, kada ka manna shi da kwana, domin ruwan da ya fito daga kwana a hargitse yake. Idan yana da siririn bututun jin matsi, a haɗa shi can gaba inda gudun ya natsu. Yawanci ana cewa kamar ninki 10 na faɗin bututun, amma littafin da ya zo da bawul ɗin shi ne alƙali.

A layin tururi akwai ƙari. Kwantar da matatar a gefe, kada aljihunta ya kalli ƙasa ya tara ruwa, kuma a sa tarkon da ke zubar da ruwan tururi kafin bawul. Curin ruwa idan ya taho da gudun tururi, duka yake yi kamar guduma.

Wajen saiti, sassauta notin saitin gaba ɗaya, buɗe bawul ɗin baya a hankali, sannan ka riƙa ɗaure notin kaɗan-kaɗan idonka na kan agogon gaba. Gwada shi ana jan ruwa, gwada shi an rufe, sannan ka kulle.

Idan bututu inci 4 ne, ba bawul inci 4 zan saya ba?

Ba lalle ba. Yawan abin da zai wuce da bambancin matsi su ake lissafawa, ba faɗin bututu ba, kuma sau da yawa bawul ɗin da ya dace ya fi bututun ƙanƙanta. Wanda ya yi girma yana wuni a ɗan buɗe kamar gashin kai, yana buɗewa yana rufewa, allurar agogo tana rawa, gudun da ke matsewa ta wannan 'yar kafa yana yanka mazaunin sannu a hankali. Inda buƙata ke sauyawa sosai, kamar otal da ke cika maƙil lokacin Hajji ya koma fayau bayansa, gara a jera biyu, ƙarami da babba.

Da rana matsi daidai, da dare sai ya hau. Me ya jawo?

Ruwa ba ya tsami banza. Da dare ba mai jan ruwa, ya kamata ƙofa ta rufe ruf. Idan allura tana ci gaba da rarrafe sama, akwai datti ko karce a mazaunin, yoyo yana wucewa. Idan kuma ka ga ɗigo ko ka ji huci daga ɗan ramin da ke murfin sifirin, robar ce ta yage. Akasin haka, idan matsi yana faɗuwa duk lokacin da aka ja da yawa, fara da matata, galibi ta toshe.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga yaro ya iso bai kalli agogo ba ya kama noti da sifana. Juya noti ba ya cire yashi daga mazauni. Ya ɓata saitin da aka sha wahala a kai, cutar kuma tana nan. Tsaya ka karanta agogon nan biyu, ana ja da ba a ja, su za su gaya maka inda za ka buɗe.

Me ya sa wani ke ƙara kamar tsakuwa na gudu a ciki, wani kuma ya yi ƙanƙara a zafin Saudiyya?

Mai ƙarar tsakuwa na ruwa ne da aka sauke wa matsi da yawa a taki ɗaya. A matsattsiyar ƙofar ruwan yana yin kumfar tururi, da ya wuce kumfar ta rushe da ƙarfi tana cizon ƙarfe, har ka buɗe ka tarar da ciki ya yi ramuka kamar gara ta ci. Maganinsa a sauke matsin hawa biyu da bawul biyu a jere. Ƙanƙara kuma halin gas ne: yana sanyi idan ya faɗaɗa, kimanin rabin digiri a kowane bar. Sauke shi daga bar 60 zuwa 10, ya rasa kusan digiri 25. Shi ya sa manyan tashoshi ke ɗumama gas kafin bawul.

Kowace roba za ta shiga, tunda girman ɗaya ne?

A'a, ɗana. NBR ta gas da mai ce. EPDM ta ruwa ce, mai yana kumbura ta ta lalace. Viton ta fi jure zafi da sinadarai. Waɗanda za su nemi aiki a Jubail ko Yanbu, ko filayen mai na gabas, za su haɗu da gas mai guba na H2S, wanda ke tsattsaga ƙarfen da bai dace ba. Can sai kayan da suka cika ƙa'idar NACE ta jure wannan gas, kamar MR0175 a filayen mai. Kuma kada ka ajiye kayan gyara na roba a bayan mota cikin rana, za su bushe kafin ka sa su.

Kafin in kwance bawul, me ya wajaba?

Takardar izinin aiki, sannan rufe gaba da baya, ka sa kwaɗonka da hannunka, makullin a aljihunka. Zubar da matsin da ya maƙale a tsakani har agogo ya kwanta a sifiri, kuma ka tabbatar ta bawul ɗin zubarwa, don agogo yana iya maƙalewa. Sassauta sifirin gaba ɗaya kafin ka taɓa notikan murfi, in ba haka ba murfin zai taso maka a fuska. Tururi a bar 10 zafinsa ya kai digiri 184, ka jira ƙarfe ya huce. Idan aikin a fili ne, ka tuna an hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Sau nawa ake yi masa sabis?

Agogo a kalle shi kullum a rubuta. Matata a wanke ta a kai a kai, musamman makonnin farko bayan sabon aiki. Buɗewa da sauya roba ya danganta da abin da ke bi ta ciki da umarnin maƙera, amma sau ɗaya a shekara ana dubawa a yawancin wurare. Mu a otal-otal ɗin Makka muna gama namu a Sha'aban, mu sake zagayawa a Shawwal, domin da zarar alhazai sun sauka ba mai ba ka damar rufe ruwa ko na awa ɗaya.