Bizar Dogon Zama

Bizar dogon zama izini ce da ƙasa ke bai wa baƙo ya zauna a cikinta fiye da wa'adin ziyara, wanda a ƙasashen Turai na yarjejeniyar Shengen kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, a Birtaniya kuma wata shida. Ana bayar da ita ne bisa dalili tsayayye, kamar aiki, karatu, aure ko zuba jari. A ƙasashe da yawa bizar ta shiga ce kawai, sai an isa ake karɓar katin izinin zama. Abu biyu ne ke raba wata biza da wata: a hannun wa zaman mutum yake, kuma ko shekarun da ya yi za su kai shi ga zaman dindindin.

Ta hanyar aiki

Wadda mutanen Kaduna suka fi sani ita ce igamar Saudiyya, wato katin izinin zama na ƙasar. Kafili, wato wanda ya ɗauki mutum aiki, ne ke nemo ta, shi ke sabunta ta, kuma idan ya kai rahoton cewa ma'aikaci ya gudu, zamansa na iya zama haramtacce ko da katin na aljihunsa. A Maris 2021 an sassauta dokar yadda ma'aikaci zai iya sauya wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa, amma ba a sa 'yan aikin gida da direbobin gida a ciki ba, alhali a nan ne 'yan Arewa da yawa suke. Igama ba ta kai mutum ga zama ɗan ƙasa, ko da ya tsufa a Jidda. Bizar Umara kuwa ba ta aiki ba ce. Wanda ya wuce wa'adinta ya shiga sahun takari, da tara da tiso ƙeya a gabansa.

Birtaniya ma tana ɗaure bizar ƙwararrun ma'aikata da wanda ya ɗauki mutum aiki. Idan aikin ya ƙare, galibi kwana 60 ake bayarwa a samo wani ko a tattara. Sai dai an daɗe ana ba wanda ya cika shekara biyar damar neman zaman dindindin, abin da ke jan likitoci da malaman jinya daga asibitocin Kaduna da Zariya. Tun 2020 ma'aikatan lafiya na da tasu bizar, wadda aka yafe mata kuɗin inshorar lafiya, fam 1,035 a shekara ga sauran ma'aikata tun Fabrairu 2024.

Ta hanyar karatu

Bizar ɗalibi na raye ne muddin ana karatun. Jamus na neman ɗalibi ya zuba kuɗin shekara guda a wani kullallen asusu, Yuro 11,904 tun daga 2024, ana sakar masa Yuro 992 duk wata, ba zai iya kwashewa a tashi ɗaya ba. Kuɗin da nauyi, amma nasa ne shi zai ci, kuma yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta. Idan ya gama yana da wata 18 na neman aiki. Birtaniya ta buɗe zaman shekara biyu bayan kammala digiri a 2021, sannan daga Janairu 2024 ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali, wanda ga magidanci ba ƙaramin lamari ba ne. Amurka na da bizar ɗalibi mai suna F-1, kuma dole mai nema ya gamsar da jami'in biza cewa gida zai dawo.

Ta hanyar dukiya

A nan babu kafili. A 2019 Saudiyya ta fito da zama na musamman, Riyal 800,000 na har abada ko 100,000 a shekara. A shekarar ce Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara bizar zinare ta shekara goma, wadda mai gidan da ya kai Dirhami miliyan biyu zai iya nema. Wannan sai manyan 'yan kasuwa.

Daga Kaduna, da kuma zuwa Kaduna

Ofisoshin jakadanci na Abuja, don haka masu nema kan kama jirgin ƙasa daga Rigasa su je dangwala yatsa. Saudiyya na da ƙaramin ofishi a Kano. Mai son zama Birtaniya fiye da wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Ejan na iya cike takarda, amma ba shi ke ba da biza ba, kuma takardar banki ta bogi kan jawo haramcin shekara goma a Birtaniya.

Baƙin da ke aiki a Kaduna, irin Indiyawa da Sinawa da 'yan Labanon da garin ya saba da su tun zamanin masaƙun Kakuri, na bin irin wannan tsari: kamfani ya samu gurbin ɗaukar baƙo daga Ma'aikatar Cikin Gida, sannan Hukumar Shige da Fice ta ba ma'aikacin katin izinin zama mai suna CERPAC. 'Yan ƙasashen ECOWAS kuwa yarjejeniyar 1979 ta ba su kwana 90 ba biza.