Limfoma a kai ba lallai ne kansar ƙwaƙwalwa ba

Tun da aka fara yawo da takardun asibiti a Facebook da WhatsApp ana nema wa marasa lafiya taimako, kalmar limfoma ta shiga bakin Kanawa. Kwanan baya na ji mai gabatar da wani shiri a rediyo yana karanta takardar wata baiwar Allah mai ƙari a kai. Da ya iso kan kalmar sai ya ce: "Wato kansar ƙwaƙwalwa ke nan, sai dai addu'a." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya canza wa ciwon suna, ya kuma yanke wa matar ƙauna, wataƙila ma 'ya'yanta na sauraro.

Kowa ya san kaluluwa, wadda ke fitowa a hammata ko matsematsi idan mutum ya ji ciwo. A cikinta ne wasu fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki ke taruwa. Limfoma ciwon daji ne na waɗannan ƙwayoyin, kuma da yake yawo suke yi a ko'ina cikin jiki, ciwon na iya ɓulla a ko'ina. Ire-irensa sun haura hamsin. Akwai mai saurin gaske, kamar wanda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara. Akwai kuma wanda zai shekara da shekaru yana tafiyar hawainiya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke haɗa duk abin da ke saman wuya mu kira shi ƙwaƙwalwa. Akwai fatar kai, sai ƙoƙon kai, sai tantani uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa, sannan ita kanta. Bai kamata wannan ya zame wa Bakano baƙon abu ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure aka karanta babin diyya ya ji ma'muma, raunin da ya fasa ƙashi ya kai ga ummud dimagi (uwar ƙwaƙwalwa, wato tantanin da ya lulluɓe ta), wanda diyyarsa sulusi ce. Ya kuma ji damiga, raunin da ya keta wannan tantanin ya shiga ciki. Malaman fiƙihu sun raba mayafin da abin da ya lulluɓe tun ƙarnuka da suka wuce. Sunan da likitoci ke kiran tantanin waje da shi a yau, dura mata, ma'anarsa a Latin uwa mai tauri, kuma daga littattafan likitancin Larabawa aka fassaro shi. Uwar da ke cikin ummud dimagi ita ce dai ta bi hanya ta shiga Latin.

Bambancin nan shi ke raba magani da magani. Limfomar da ke cikin naman ƙwaƙwalwa galibi mai zafi ce, sai an ba da maganin metotireksat mai ƙarfi ta jijiya. Wadda ta tsiro a jikin tantanin dura kuwa ba kasafai ake ganinta ba, an fi samunta a mata masu matsakaicin shekaru, kuma yawanci mai tafiya a hankali ce. Tiyata da ɗan gasa wurin da hasken na'ura kan wadatar, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Wahalarta ita ce kamanni: a hoton MRI tana kama da meninjiyoma, wani ƙari da ya fi ta yawa nesa ba kusa ba, har sau da dama sai bayan aiki ake gane ko mene ne. A limfomar fatar kai ma akwai irin da ke fitowa kamar jan ƙullutu mara zafi, kuma mafi yawan masu ita suna warkewa.

Saboda haka hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an ɗebi tsokar an duba ta a madubin likita, an kuma yi mata gwajin da ke nuna irin ƙwayar, misali ko tana ɗauke da alamar CD20, wadda maganin ritukzimab ke kamawa. Manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashen duba tsoka.

A nan ne ɗabi'armu ke yi mana illa. Mutum na fama da ciwon kai ko ƙullutu, sai ya biya kemis a ba shi magungunan rage kumburi irin su deksa ko firedinisolon. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, ƙarin ya motse cikin kwanaki, har ya ɓace daga hoto. Gida a yi murna. In aka ɗebi tsoka a lokacin, mai dubawa na iya rasa abin da zai gani, bayan makonni ko watanni kuma ciwon ya dawo ba tare da an san sunansa ba. Shi ya sa likitoci ke kauce wa ba da su kafin ɗibar tsoka, sai in kumburin na barazana ga rai. Wanda ya riga ya sha, ya faɗa wa likita sunan maganin da ranar da ya fara, ya kuma taho da kwalin.