Waiwaye: Yadda aka gano wa ke korar wa a dangin halojin

Duk sanda jarrabawar WAEC ta ƙarato, ɗalibanmu na kimiyya a Agege da Idi-Araba sukan haddace jerin nan na sinadaran da ake kira halojin: fulorin, kulorin, buromin, aidin. Na sama yana korar na ƙasa daga gishirinsa, na ƙasa kuwa ba ya iya taɓa na sama. Abin da ke damuna shi ne ba a cika gaya musu cewa da wannan korar aka gano ɗaya daga cikin huɗun ba, tun ba a san dalilinta ba.

Kulorin ne ya fara shiga hannu. Carl Scheele ɗan Suwidin ya samar da iskar a 1774, amma sai a 1810 Humphry Davy na Ingila ya tabbatar cewa sinadari ce mai zaman kanta. A 1811 Bernard Courtois, mai sarrafa kayan albarushi a Faransa, ya zuba asid a tokar ciyawar teku, sai hayaƙi shunayya ya tashi. Aidin ke nan, wanda ake sa wa gishirin miya a yau don maganin maƙoƙo.

Labarin Antoine Balard ne ya kamata kowane malami ya tsaya a kansa. A 1826, a Montpellier, wannan matashi ya ɗebi ruwan da ya rage bayan an kwashe gishirin teku, ya tura iskar kulorin a ciki. Ruwan ya koma ruwan goro. Kulorin ya ƙwace gurbin wani sinadari da ba a sani ba, ya fito da shi fili, wato buromin. Wannan canjin launi shi ne dai ɗalibi ke gani idan ya ɗiga ruwan kulorin a kan fotasiyam buromaid, wato gishirin buromin. Idan fotasiyam ayodaid ne, wato gishirin aidin, ruwan ya koma ruwan ƙasa. Ya zuba aidin a kan kulorayid kuwa, wato gishirin kulorin, ko gezau.

A 1829 Johann Döbereiner na Jamus ya lura nauyin atam (ƙwayar zarra) na buromin, kimanin 80, ya faɗa kusan tsakiyar na kulorin, 35.5, da na aidin, 127. Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera su gida ɗaya a jadawalinsa na sinadarai a 1869. Fulorin ya wahalar da masana, har ya jikkata wasu, kafin Henri Moissan ya ware shi a 1886. Saboda ƙarfinsa wajen cin abubuwa, har ruwa yake far wa, shi ya sa ba a kai shi ɗakin gwajin makaranta.

Dalilin korar bai fito ba sai bayan gano elektiron, ƙananan ƙwayoyin da ke zagaye cikin atam, a 1897. Atam ɗin kowane ɗaya daga cikin huɗun na da elektiron 7 a zagayen waje, yana neman ɗaya ya cika 8. Ƙaramin atam ya fi jan elektiron da ƙarfi, kuma girman atam na ƙaruwa ne daga fulorin zuwa aidin, shi ya sa na sama ke ƙwace elektiron daga na ƙasa, ya kore shi daga gishirinsa. Ɗalibin da ya gane wannan zai iya faɗin sakamakon gwajin kafin ya taɓa kwalba. Masana'antun da ke haƙo buromin a Tekun Gishiri, tsakanin Jodan da Isra'ila, har gobe da kulorin suke koro shi daga ruwan.